Isansi mai etanol da injin ban ruwa: wa ya toshe kaburata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman albasa a wajen Madawa. Da ruwa ya sauka na jingine injin ban ruwa a ɗaki da isansi kusan rabin tanki, ga kuma bido biyu da na ajiye don gudun ƙarancin mai. Yanzu lokacin dashe ya matso, inji ya ƙi tashi. In ma ya tashi sai an rufe masa iska, da an buɗe ya mutu. Ɗan yayana da ke Faransa ya ce etanol ne, wai ana gauraya shi da isansi kuma yana kashe ƙananan injuna. Gaskiya ne? Namu na nan yana da shi? Na cikin bidon zan iya amfani da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, ina gajiya, yaya garka. Ɗan yayanka bai yi maka ƙarya ba, sai dai labarin isansin ƙasar da yake zaune ya ba ka. Ciwon da ka kwatanta, inji ya tashi da iska a rufe ya mutu da an buɗe, kowane bakanike a Tawa ya san shi: jiklar ta toshe, wato ɗan ramin da mai yake bi a cikin kaburata, inda mai ke haɗuwa da iska, mai ya daina wucewa yadda ya kamata. Kowane irin isansi yana iya yin haka in ya kwana wata huɗu a cikin inji, da etanol ko babu. Etanol yana ƙara wa abin sauri, kuma yana da tasa ɓarnar ta daban, amma kafin a ɗora masa laifi sai an tabbatar yana wurin, kada a bar jaki a daki taiki.

Etanol barasa ce, irin wadda ke cikin giya, ana samun ta daga rake ko masara ko rogo. Wadda ake zubawa a mai ana gurɓata ta da gangan don kada ta shayu. In ka ga E10 a jikin famfon gidan mai, ma'anarsa etanol ya kai har kashi 10 cikin 100. Faransa ta fara sayar da E10 a 2009, Jamus a 2011, Ingila a 2021. A Amurka kusan duk isansin da ake sha E10 ne, daga masara. Brazil ce uwar tafiya, tun 1975 take wannan harka da rake, kuma gaurayenta ya haura kashi 25. Dalilansu sanannu ne: rage sayen mai daga waje, samar wa manomansu kasuwa, da ƙara wa isansi oktan, wato ingancin da ke hana shi sa inji ƙwanƙwasa, domin etanol yana da oktan mai yawa.

Mu kuwa matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, ɗanyen man Agadem take tacewa, SONIDEP, kamfanin mai na gwamnati, ta rarraba. A famfunanmu “Super” kawai za ka gani, babu E5 babu E10. Sai dai ba duk isansin da ke shiga injunan Adar ne ya biyo wannan hanya ba. Shekara da shekaru na Najeriya yana shigowa ta Illela da Ƙonni a bido da kwalabe, sai da aka cire tallafin mai a can a watan Mayun 2023 abin ya ja baya. Wannan ja da baya ya ƙara wa matatar gida nauyi, har aka yi dogayen layuka a watan Maris na 2025. Najeriyar kanta ta daɗe tana sayo fetur daga Turai, kuma a Fabrairun 2022 an shigo mata da wani daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam wanda aka samu metanol ya yi yawa a ciki, motoci suka lalace, aka janye shi daga kasuwa. Metanol ɗan'uwan etanol ne, amma ya fi shi cin roba da ƙarfe. Mai ba ya zuwa da takardar haihuwa, musamman na bakin hanya. Shi ya sa nake koya wa yaran gareji su gwada maimakon su yi gardama.

Gwajin ba shi da tsada. Ka nemi siririyar kwalba ta gilashi mai murfi, da sirinji daga farmasi. Ka zuba ruwa mililita 10, ka ja layi da biro a daidai saman ruwan. Ka ƙara isansi mililita 90, ka rufe, ka girgiza sosai, ka ajiye a inuwa minti goma. Ruwa zai koma ƙasa, isansi a sama, da iyaka a tsakaninsu ƙarara. In iyakar tana kan layinka, babu barasa a ciki. In ta hau sama, ruwan ya jawo wani abu daga cikin isansin, kuma in ƙasan ya kusa ninkawa, to gaurayen ya kai wajen kashi 10. Gwajin ba ya bambanta etanol da metanol, duk biyun ruwa yake ja. Ba ya kuma kama kananzir ko gazuwal da wasu marasa tsoron Allah ke ƙarawa. Wannan sai ka ɗiga a farar takarda: isansi mai kyau yana bushewa ya tafi, wanda aka haɗa yana barin tabon maiƙo. A waje za ka yi, nesa da murhu da mai shan taba.

Mu ɗauka ka gwada, layi ya hau. In injin yana aiki kullum, kada hankalinka ya tashi. Honda, Stihl da Briggs & Stratton duk sun yarda da etanol har kashi 10 a ƙananan injunansu, kuma ɗan kabu-kabun da ke ƙone tankinsa cikin kwana biyu zai shekara bai ji bambanci ba. Akwai dai abin da ake biya. Litar etanol ƙarfinta ya gaza na isansi da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka E10 yana ƙara sha da wajen kashi 3 cikin 100. Wanda ya ce maka injinsa ya ninka shan mai saboda etanol, ya je ya duba matatar iska.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne etanol yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa, kusan kashi 35 na nauyinsa. Isansi zalla yana son iska kilo 14.7 ga kowane kilo na mai, etanol kuwa kilo 9 ya ishe shi. Motar zamani tana da na'urar da ke shinshinar hayaƙi ta gaya wa kwamfuta ta ƙara mai. Injin ban ruwa ba shi da wannan gata, ramin jiklar yadda aka huda shi a masana'anta haka zai mutu. Sai iska ta ɗan fi mai, inji ya ƙara zafi, ga shi iska ce kaɗai ke sanyaya shi, ga ranar Afrilu a Tawa ta haura digiri 40. A kashi 10 yana jurewa. Daga nan sama ne ake shiga uku, shi ya sa ko a Amurka da aka halatta E15 a 2011, motocin 2001 zuwa sama aka halatta wa, aka hana zuba shi a moto da ƙananan injuna. In ka cire buji ka ga bakinsa fari fat, alamar mai ya yi ƙaranci ke nan. Lafiyayye ruwan ƙasa yake.

Sai roba. Etanol yana jiƙa wasu irin roba su kumbura, in sun bushe su tsage. Injunan manyan kamfanoni na yanzu an sauya musu roba mai jurewa, amma tsoffi, da masu araha marasa suna da suka cika kasuwa, tiyonsu da bakin allurar kaburata ba su da tabbas. Kuma etanol mai wanki ne: in ka zuba shi a tsohon duro ko tanki mai datti, zai kankaro dattin shekaru ya tura shi matata.

Duk wannan ƙananan abubuwa ne in aka gwada da maganar ruwa, kuma nan ne tambayarka ta ajiya ta shigo. Isansi zalla ba ya shiri da ruwa. Ɗigo ya faɗa, ƙasa zai je ya kwanta, kana gani. Etanol kuwa yana jan laima kamar gishiri a damina, kuma yana riƙe ruwan a narke cikin isansi, ido ba ya gani. Da farko wannan alheri ne, domin ɗan ruwan yana bin mai ya ƙone ya fita ba tare da inji ya yi tari ba. Amma riƙon yana da iyaka. A zafin digiri 15, E10 yana ɗaukar ruwa wajen rabin kashi ɗaya cikin 100, wato mililita 100 a bido mai lita 20, abin da bai kai ƙananan kofunan shayi biyu ba. Da an wuce nan sai mai ya yi gajimare, sannan ya rabu biyu. Ruwan ba ya sauka shi kaɗai, yana jan etanol ya tafi da shi ƙasa. Ɗan ruwan nan sai ya zama lita guda ko fiye na wani abu da ba ya tayar da inji, yana kwance a gindi, daidai inda bakin tiyo yake zuƙa. Na saman kuma an kwashe masa oktan, yana iya sa inji ƙwanƙwasa in an ɗora masa nauyi. Girgiza ba ta mayar da su ɗaya. Za su haɗu na ɗan lokaci su sake rabuwa.

Wani abu da mutanenmu ba su cika lura da shi ba: iyakar nan tana bin zafi. Mai mai ɗumi ya fi riƙe ruwa, mai sanyi yana sakinsa. Ka duba shekararmu. Bido ya sha laima a Agusta, ya wuce zafin Oktoba garau ba a ga komai ba, sai sanyin asubar Disamba ya sauka, ya rabu, a daidai lokacin da albasa ta fi bukatar ruwa. Manomi ya ce jiya-jiya lafiya lau yake. Lafiyarsa ƙalau kuwa, da sauran zafi ne.

Ta ina ruwan yake shiga? Tanki ko bidon da bai cika ba yana numfashi. Da rana tururi ya kumbura ya fita, da dare ya huce ya jawo iskar waje, in damina ce da laimarta. Amma gaskiya a ƙasa busasshiya irin tamu wannan hanya jinkiri gare ta. Mafi yawan ruwan da nake tararwa a tanki da ƙafarsa ya shigo: murfi marar roba da aka bari a ruwan sama, mazurarin da ya kwana a waje, bidon da aka ɗauraye ba a bari ya bushe ba, ko ƙarshen duron mai sayarwa. Mai garka kuwa hannunsa a jiƙe yake yini, inji yana zaune a bakin rijiya. A ganina babban abokin gabarmu a nan zafi ne. Isansi haɗin abubuwa ne masu yawa, masu sauƙin ciki su ne ke tayar da inji da safe, kuma su ne ke fara gudu in an yi zafi. Etanol yana ƙara wa isansi saurin yin tururi. Abin da ya rage yana haɗuwa da iska ya yi duhu, ya yi wari irin na tsohon fenti, ya zama danƙo. A tankin da murfinsa ke da hujin iska, sau da yawa mai ya riga ya mutu ta wannan hanya tun kafin laima ta raba shi.

In ka kwance kofin da ke ƙarƙashin kaburata, noti ɗaya ne ke riƙe da shi, zai gaya maka wanda ya yi aikin. In ka tarar da danƙo ruwan zuma ko ja-ja ya manne a gindi, yana kama yatsa, tsufan mai ne kawai. In ka tarar da farin gari ya yi ɓawo a jikin kofin, ko wani abu mai kauri yana rawa, ƙarfen kuma ya yi ƙananan ramuka, to ruwa ya zauna a wurin, kuma in gwajin kwalba ya nuna barasa, ita ta riƙe shi. Jikin kaburata alminiyom ne ko tutiya, ruwa da etanol suna cin su. Jan gari kuwa tsatsa ce ta gangaro daga tanki. Kofin nan ɗan mai kaɗan yake ɗauka kuma yana da hanyar iska, shi ya sa shi ke fara lalacewa tun na tanki yana da sauran rai.

Wanda abin ya fi yi wa illa shi ne injin da ake gauraya wa isansi da baƙin mai, irin ƙaramin gurup ɗin nan, wato janareta, na masu shaguna da masu cajin waya, da zarton inji, da injin feshi na goyo. Su ba su da wani man shafawa sai wanda ke cikin isansi, yawanci mililita 20 a kowace lita. In mai ya rabu, baƙin man yana zama a sama tare da isansi, na ƙasan babu maiƙo ko kaɗan. Inji ya zuƙi na ƙasa, fistin ya yi gudu a bushe, ya kama. Wannan ba wankin kaburata ba ne, sayen kaya ne. Gurup da yawa da aka saya a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta, an tura su lungu da mai a ciki da wuta ta dawo. Masu su su leƙa tankin kafin su ja igiya.

Yanzu bidonka biyu. Kada ka girgiza su. Ka bar su a zaune yini guda, sannan ka sa siririn tiyo har gindi ka ɗebo kaɗan a kwalba mai haske, da famfon hannu, ban da baki, isansi in ya shiga huhu asibiti ne. In garau yake, launinsa bai yi duhu ba, warinsa na isansi ne mai kaifi, ka tace shi da ƙyalle mai tsabta ka riƙa haɗa kashi ɗaya da sabo kashi uku har ya ƙare. In ka ga gajimare ko hawa biyu, kada ko ɗigo ya shiga injin ban ruwa. Ka ba bakanike ya wanke ƙarafa da shi. Kada ka zubar a garka ko kusa da rijiya, ruwan fadama a kusa yake, kada kuma a ba mata su hura wuta da shi.

Ajiyar gaba, ni shawarata ka daina sayen na wata huɗu. Masu ƙera ƙananan injuna kwana 30 suke ba isansi kafin ya fara sauyawa, kuma da yanayin ƙasashensu suka yi lissafi. In tsoron ƙaranci ya sa dole, ka ajiye, amma ka riƙa juya shi: na tsohon bido ya shiga moto, sabo ya maye gurbinsa, ka rubuta kwanan wata a jiki. Jarkar ƙarfe mai roba a murfi ta fi komai. Ruwan ɗorawar bidon nan na man girki da kowa ke amfani da shi ba don isansi aka yi shi ba, murfinsa yana shan iska, kana ganin yadda yake kumbura da rana. Ka cika kusan baki ka bar ɗan wuri don kumburi, domin bido biyu rabi-rabi sun fi guda cikakke lalacewa. Inuwa mai iska, a kan katako, nesa da kicin, kuma ba ɗakin da ake kwana ba. Tururin isansi ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya rarrafawa ya tarar da garwashi a can gefe. Na kwalabe da ya yini a rana a bakin titi, in ka saya, na sha yau ne.

Ajiye inji kuwa aikin minti goma ne. Ranar da ka gama ban ruwan ƙarshe, ka juye tankin a moto, ka tayar da inji ka bar shi ya mutu da kansa. Sannan ka sassauta ƙaramin notin da ke gefen kofin kaburata, sauran man ya tsiyaye, domin inji yana mutuwa ne da sauran mai a kofi, kuma wannan sauran shi ne ke zama danƙo. Ka cire buji ka zuba baƙin mai cokalin shayi guda a ramin, ka ja igiya a hankali sau biyu ko uku, ka mayar. Ka zubar da ruwan cikin famfon shi ma. Ko a tsakiyar aiki, in inji zai yi mako biyu bai tashi ba, ka rufe makullin mai ka bar shi ya shanye na kaburata.

Za ka ji ana tallar wani ruwa a ƙananan kwalabe wai yana kashe etanol. Na kirkinsu yana jinkirta tsufan mai in an zuba shi a sabo, iyakarsa ke nan. Ba ya cire etanol, ba ya tayar da man da ya mutu, ba ya haɗa wanda ya rabu. Akwai kuma masu nuna dabara a intanet, su zuba ruwa da gangan su wanke etanol su tsiyaye. Etanol yana fita kam, amma oktan yana bin sa, sai ka biya kuɗin isansi mai kyau ka mayar da shi marar kyau da hannunka.

Injinka na yanzu, ka juye tankin gaba ɗaya ka haska tocila a ciki ka ga ko akwai tsatsa. A kwance kaburata a wanke, a fitar da jiklar babba da ƙarama, a hura su da iska har ka hango haske ta ramin. Kada ka yarda yaron gareji ya soka allura ko wayar ƙarfe, tagulla ce mai laushi, ramin yana faɗaɗa, daga nan inji ya koma shan mai da baƙin hayaƙi har abada. Gashi ɗaya na burushin roba ya isa. Ka lanƙwasa tiyon mai, in ya tsage ko ya yi tauri ka sauya, ka sa sabuwar matata a tsakani. In kofin ya yi ramuka ko allura ta daina tsayar da mai, sabuwar kaburata ta waɗannan injuna ba ta da tsada a kasuwar Tawa ko Ƙonni, ta fi maka wanki sau uku. In an yi duk wannan da sabon isansi bai tashi ba, ka ja igiya a hankali ka ji ko tana da nauyi. In ta zo sakwaf, bawul ne ya maƙale a buɗe saboda zama, sai a buɗe murfin kai a sake shi.